Daga Zaure Zuwa Ƙuryar Ɗaki: Tarihin Bambancin Idon Namiji da na Mace Wajen Rubuta Sha'awa a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

A shekarun 1990, a unguwar Ɗan Iya da ke cikin birnin Bauchi, mai wannan takarda yana cikin yaran da matan aure ke aika wa wurin mai hayar littattafai. Akan ba yaro 'yan kuɗi da sunan littafi, wani lokaci ma sunan marubuci kawai, a ce ya karɓo kashi na biyu idan an dawo da shi. Littattafan daga Kano suke zuwa, kuma kafin ɗaya ya koma hannun mai shi sai ya zaga gidaje da dama har bangonsa ya yage. Abin da ya tsaya wa yaro a rai shi ne, matan nan sukan bambance littattafan kashi biyu. Akwai waɗanda suke cewa na maza ne, akwai kuma waɗanda suke cewa mai shi ta san ɗaki. A lokacin ba a fahimci abin da suke nufi ba. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wannan rabe-rabe da masu karatu suka yi tun kafin manazarta su kula da shi.

Yawancin muhawarar da aka tafka a kan batun ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya, wato tsakanin maza da mata marubuta wa ya fi rashin kunya. A ganinmu wannan tambaya ba ta kai mu ko'ina. Abin da tarihi ya nuna shi ne, kowane ɓangare yana da inda yake tsayawa ya hangi al'amarin. Namiji ya saba hangen mace daga zaure ko dandali, kafin aure ko a wajen aure. Mace kuwa takan fara labarinta daga inda na namiji ya ƙare, wato bayan 'yan kai amarya sun watse.

Ya kamata a bambance kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Soyayya ita ce ƙaunar da ke tsakanin namiji da mace. Sha'awa ita ce buƙatar jiki da ke tafiya tare da ita ko ba tare da ita ba. Batsa kuwa hukunci ne na al'umma a kan lafazi, wato ambaton abin da kunya ta ce a sakaya, a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Ke nan magana ɗaya tana iya zama nasiha a ɗakin amarya, ta zama batsa a bakin kasuwa. Wannan batu na wurin faɗa da mai sauraro shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

2.0 Kafin Zuwan Boko

Kuskure ne a ɗauka cewa Bahaushe bai san zancen jiki ba sai da littattafan Kano suka zo. A makarantun zaure, ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya ji bayanin janaba da haila da abin da ke wajabta wanka dalla-dalla, sai dai da kalmomin Larabci waɗanda suka zame wa Hausa mayafi. Malamai masu zurfi sun san cewa Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya yi musayar wasiƙu da sarakunan wannan yanki a ƙarni na 15, ya wallafa littattafai a kan ladubban aure da saduwa. A Tunis ma, a cikin wannan ƙarni, Shaihu Nafzawi ya rubuta Raudul Aɗir. Duk waɗannan maza ne ke rubuta wa maza, kuma mace a cikinsu abar bayani ce. A fagen baka, 'yan gambara sun shahara da batsa a bainar jama'a, ana dariya ana ba su kuɗi, domin al'ada ta riga ta ware su a matsayin waɗanda ba a riƙe maganarsu.

Mata suna da nasu fagen, amma a bayan katanga. Waƙoƙin niƙa da na daka cike suke da habaici ga kishiya da kukan rashin adalcin miji a rabon kwana. A wurin biki da suna, masu kiɗan amada suna kifa ƙwarya a ruwa su rera abin da ba za a rera a gaban maza ba. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da irin wannan waƙa fili, har da yabon surar jikin mace a matsayin makaminta a gidan miji. Haka kuma akwai ilimin gyaran amarya da na kayan mata, wanda gwaggo ko yaya ke mika wa yarinya a kwanakin lalle. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yadda tsohuwar ke zancen tsarance da aure da saki da karuwanci ba tare da kame-kame ba, domin da 'yar'uwarta mace take magana.

Abin lura a nan shi ne, a bakin mata sha'awa ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Kullum tana ɗaure da girki, da kishi, da matsayin mowa da bora, da tsoron a wayi gari an ba mutum takardarsa.

3.0 Zamanin da Alƙalami ke Hannun Maza

Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Babu mace a cikin marubutan, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da makarantun boko na 'yan mata a lokacin suke fara tsayawa da ƙafafunsu a Kano da Katsina. Littattafan don makarantu aka tsara su, saboda haka an tace su. Mu mutanen Bauchi muna alfahari da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma macen da ta fi fitowa a cikinsa uwa ce da ta bi sawun ɗanta har cikin hamada. Ƙaunar uwa ce ke tafiyar da ita, kuma irin wannan mace ita ce marubucin wancan zamani ya fi sakin jiki wajen siffantawa.

Jiki Magayi ne kaɗai ya ɗora labarinsa a kan soyayya. Abubakar yana son Zainabu, Malam Shaihu mai dukiya ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa. Da zarar an ɗaura aure sai labarin ya bi Abubakar daji, ya bar Zainabu a gidan da aka kai ta. Yadda ta kwana da yadda ta tashi a ɗakin mutumin da ya raba ta da saurayinta bai zama abin bayarwa ba. Rikicin na maza biyu ne, ita kuwa ita ce abin da ake rikici a kai.

Inda maza suka fi kusantar zancen sha'awa kai tsaye shi ne ta hanyar karuwa. Mu'azu Haɗeja ya yi mata waƙa sukutum ta gargaɗi, kuma daga nan ta zama tauraruwar da ake dawowa gare ta a zube da wasan kwaikwayo. Amfaninta ga marubuci a fili yake. Tana ba shi damar siffanta kwalliya da rangwaɗa da daɗin baki, sa'an nan ya wanke hannunsa ta hanyar hukunta ta a ƙarshe da cuta ko talauci ko nadama. Mai karatu ya sha kallo, ya kuma sha wa'azi, a farashi ɗaya. Ko 'Yartsana na Ibrahim Sheme (2003), wanda ya nuna tausayi na gaske ga yarinyar da auren dole ya jefa bariki, ta wannan ƙofa ya shigo. Matar aure kuwa, a rubutun maza na wannan dogon zamani, kusan ba ta da jiki. Tana kawo abinci, tana haihuwa, tana haƙuri ko tana makirci.

4.0 Shigowar Mata

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafai uku da suka yi fice a gasarsa: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Na ƙarshen nan shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Babu batsa a cikinsa ko kaɗan. Sabon abin da ya kawo shi ne Boɗaɗo, yarinya Bafillatana da ta buɗe baki ta ce ga wanda take so, alhali ba ɗan ƙabilarta ba ne, ta kuma tsaya a kan bakanta a gaban manya. Mai so ta zama mai magana.

Abubuwa da dama suka haɗu suka buɗe ƙofar da ta biyo baya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da dubban mata masu karanta Hausar boko. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya manyan kamfanonin ɗab'i, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, babu edita balle mai tacewa. Finafinan Indiya sun daɗe suna koya wa matasa salon furta so, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na 1997, 'yan makarantar kwana kuma suna karanta Mills and Boon. A cikin wannan yanayi Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, aka kuma kafa ƙungiyar Raina Kama a Kano, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jagororinta.

A nan ne za a iya ɗora littattafan ɓangarorin biyu gefe da gefe. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino (1991) ya ba Sumayya, 'yar masu kuɗi, ƙarfin halin fara nuna wa Muhammad talaka so, har ta faɗa rijiya da aka nemi a aurar da ita ga Abdulƙadir. Wannan ci gaba ne babba idan aka tuna da Zainabu. Duk da haka, zafin labarin yana cikin wasiƙu da zance da hanawar iyaye, aure kuma shi ne tashar da ake fatan isa. Siffanta mace a irin waɗannan littattafai na maza ya zama kamar lissafin kaya: fara, doguwa, mai dara-daran idanu, mai gashi har gadon baya. Ido ne na mai tsaye a zaure yana jiran a yi masa sallama da ita.

Balaraba Ramat Yakubu ta shigo da mai karatu cikin gida. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da kimanin shekara 13, kuma ta sha faɗin haka a hirarraki. A Budurwar Zuciya (1987) ta ɗauki sha'awar namiji, wadda adabin maza ke ɗauka kamar ruwan sama da ba a tuhumarsa, ta mai da ita abar bincike, ta hanyar alhajin da ke auri-saki don biyan ransa. A Wa Zai Auri Jahila? (1990) ta kai mu daren farko na Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma, ta nuna shi a matsayin daren tsoro da rauni. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) karuwar nan ta adabin maza ta sake fitowa da sunan Delu, amma yanzu daga idon Rabi ake kallonta, uwar 'ya'ya tara wadda kuɗin cefanenta ke tafiya wurin wata. Abin da ya kasance kwalliya da rangwaɗa a alƙalamin namiji ya koma lissafin kwanon hatsi da kuɗin makaranta. An fassara wannan littafi zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ya fassara, aka buga shi a Indiya a 2012.

Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce matan Ɗan Iya suka fi nufi da wadda ta san ɗaki. A Allura Cikin Ruwa (1994) da littattafan da suka biyo bayansa, taurarinta mata ne masu ilimi da addini, waɗanda ke amfani da tsafta da turare da girki da tattausan lafazi su mallaki zuciyar miji. Ta halatta wa matar aure ta so mijinta da jikinta, ta kuma ji daɗin hakan ba tare da an kira ta 'yar iska ba. Idan aka duba da kyau, nasihar gwaggo ce ta kwanakin lalle aka zuba a takarda. Novian Whitsitt, wanda ya nazarci marubutan biyu, ya nuna yadda kowacce ke kafa hujjarta daga cikin Musulunci. Muna iya ƙarawa da cewa Balaraba tana tambayar wa ya ba namiji wannan iko, Bilkisu kuwa tana koya wa mace yadda za ta zauna da ikon har ta juya shi. Ta farkon ta fi ƙarfin hujja, ta biyun ta fi yawan masu koyi.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ga wannan bambanci ba. A shekarun 1940 Anaïs Nin ta rubuta labaran sha'awa ga wani attajiri a Amurka a kan dala ɗaya kowane shafi, shi kuwa yana ta aiko mata da saƙon ta rage zancen zuciya ta tsaya a kan aikin jiki. Da aka buga labaran a 1977 ta bayyana cewa a wurinta raba biyun shi ke kashe abin. Sai dai a wurin marubuciyar Hausa, abin da ba ya rabuwa da jiki ya wuce zuciya, ya haɗa da kishiya da uwar miji da ranar girki.

5.0 Muhawara da Takunkumi

Tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki waɗannan littattafai, shi ne kuma ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano. Abdalla Uba Adamu ya kare su a ƙarshen shekarun, a shafin adabi na New Nigerian Weekly da Ibrahim Sheme ke kula da shi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, manyan masu muhawarar maza ne, alhali yawancin masu karatun mata ne. Haka kuma littafin da ya fi tayar da ƙura a wancan lokaci, Matsayin Lover na Alkhamees Bature Makwarari, wanda ya taɓo maɗigo, namiji ne ya rubuta shi. Ko a nan ma idon mai leƙe ne, yana ba da labarin abin da ya ji ana yi a bayan katanga.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, a 2008 kuma hukumar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista. Damuwar iyaye ba ta rasa tushe ba. Ɗab'i ya rushe katangar da ta raba zancen ɗakin amarya da kunnen yarinya 'yar aji biyu, domin littafi ba ya tambayar shekarun mai riƙe da shi. Kuskuren shi ne an auna kowane littafi da ma'auni ɗaya, wato ko ya ambaci shimfiɗa ko bai ambata ba. Da wannan ma'auni, daren farko na Abu, wanda ƙara ce aka shigar a gaban al'umma, ya zama ɗaya da shafin da aka rubuta don tayar da hankalin samari.

6.0 Zamanin Waya

Takunkumin Kano bai kashe rubutun ba, wayar hannu ce ta canza masa gida. Daga shekarun 2010 labarai suka koma Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda marubuciya ke sakin labari shafi-shafi, ta ba da farkonsa kyauta, sauran kuma sai an tura kuɗi ta banki. Mafi yawan masu wannan sana'a mata ne, da yawansu da sunan aro, kuma sukan rubuta a saman labari cewa na matan aure ne. Wato an yi ƙoƙarin sake gina katangar nan ta gidan biki, amma da kara aka gina ta, tun da duk wanda ya samu labarin yana iya tura shi ga wani.

A nan aka sami abin da tarihin da muka bibiyo bai saba gani ba, wato mata suna rubuta batsa tsagwaronta, fiye da yadda wani namiji ya taɓa bugawa a takarda. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton cewa kunya halitta ce ta alƙalamin mace. Amma ko a cikin waɗannan labarai tsohon tsarin yana nan. Fagen dai shi ne gidan aure, da satar kwana, da kayan mata, da gasar amarya da uwargida. Namijin da ake siffantawa ma ba jikinsa kaɗai ake lissafawa ba, har da ƙamshin turarensa da motarsa da miskilancinsa, da ranar da zai zubar da girman kai ya roƙi gafara. Kamar yadda marubuci namiji ya ƙera farar doguwar da babu ita a unguwarsu, haka marubuciya ta ƙera attajirin da ke kuka a gaban matarsa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da rufa-rufa ba. Da yawa daga cikin labaran nan suna ɗaukar auren dole da tursasawar daren farko su mai da su mafarin soyayya, yarinya ta sha wuya a hannun miji, bayan shafi ɗari kuma ta mace a kansa. Abin da Balaraba ta rubuta a 1990 don a ji zafinsa, wasu jikokinta a alƙalami suna sayar da shi a matsayin zaƙi. Kasancewar mace ce ta rubuta bai sa labari ya tsaya wa mata ba, musamman idan masu biyan kuɗi ne ke faɗin abin da shafi na gaba zai ƙunsa. A ɗaya ɓangaren, gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta fito da gajerun labarai masu taɓo fyaɗe da zaman aure da idon basira.

Maza ma sun fara ƙoƙarin shiga ƙuryar ɗakin. Abubakar Adam Ibrahim, a Season of Crimson Blossoms (2015), wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, ya ba da labarin Hajiya Binta, gwauruwa mai shekara 55, da alaƙarta da wani matashi ɗan daba, ya kuma yi ƙoƙarin kallon sha'awar daga cikin zuciyarta, tare da tarihin auren da ta yi shekaru a cikinsa ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba. Ya nuna cewa tsayuwa a zaure al'ada ce da namiji ke iya bari idan ya yi niyyar saurare. Sai dai da Ingilishi ya rubuta, harshen da ya zame masa irin mayafin da Larabci ya zame wa malaman fiƙihu, kuma ƙarshen Binta tonon asiri ne da rashi. Matan da suka aike mu karɓo littafi a Ɗan Iya, waɗanda yanzu suke aurar da jikoki, mafi yawansu ba za su iya karanta shi ba.